Shiga kwamfutar ofis daga gida: shin kalmar sirri mai ƙarfi kaɗai ta wadatar?

Akawu_Kwari:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar masana a kan wani lamari da ya hana ni sukuni tun makon jiya. Ni ne nake riƙe da lissafin wani shagon sayar da atamfa da shadda a sari a Kantin Kwari, kuma dukkan bayanan bashi, da na kayan da ke sito, da lambobin abokan cinikinmu suna cikin kwamfuta guda ɗaya da ke ofis. Domin in riƙa ƙarasa aiki da dare, wani mai gyara ya kunna mini tsarin Windows na shiga daga nesa, wato RDP, ya kuma buɗe masa hanya a rautarmu, wato na'urar da ke haɗa ofis da intanet, ta yadda daga gida nake ganin allon kwamfutar ofis kamar ina zaune a gabanta. Makon jiya ƙanena ya nuna mini wurin da kwamfutar take rubuta duk wani yunƙurin shiga, sai muka tarar da dubban yunƙuri da ba su yi nasara ba, dare da rana, ana gwada sunaye irin su administrator da admin da user. Mai gyaran ya ce kada in damu, tunda kalmar sirrina haruffa goma ce, akwai babban harafi da ƙarami da lamba da alama. Ni ma a raina ina ganin muddin ba su san kalmar ba, su yi ta ƙwanƙwasawa har su gaji. Shin wannan tunani daidai ne? Kuma wace irin kalma ce ta cancanci a kira ta mai ƙarfi?

Injiniya_Maryam:
Wa alaikumus salam, Malam Akawu. Da farko ka kwantar da hankalinka ta fuska ɗaya: ba wani maƙiyinka ne a kasuwa ya sa ka a gaba ba. Abin da ka gani aikin na'urori ne da ke zagaya intanet gida-gida suna taɓa kowace ƙofa. Tun a 2013 masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka suka fitar da wata manhaja mai suna ZMap wadda take iya leƙa dukkan adireshin intanet na tsohon tsari a ƙasa da awa ɗaya, sannan akwai shafin Shodan da ke tara jerin na'urorin da aka bari a buɗe, kowa yana iya dubawa. RDP yana amsawa ne ta ƙofa mai lamba 3389, kuma duk mai neman ɓarna ya san wannan lamba.

Ta ɗaya fuskar kuma, ban yarda da mai gyaran ba ko kaɗan. Kalmar sirri tana tsare ka ne daga wanda ya zo ta hanyar tambayar kalmar sirri. Akwai ranar da ake gano tsaga a jikin ginin kansa. A watan Mayun 2019 Microsoft ta sanar da wani rauni a RDP da aka yi wa laƙabi da BlueKeep, wanda ta hanyarsa mai kutse zai iya mallake kwamfuta ba tare da ya san suna ko kalmar sirri ba. Tsananin haɗarinsa ya sa kamfanin ya fitar da gyara har ga Windows XP, alhali tun 2014 ya daina kula da shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ba ka da tabbacin yaushe za a gano tsaga ta gaba. Shawarata ita ce ka rufe wannan ƙofa a rautarku yau, kafin mu ci gaba da maganar kalmar sirri.

Akawu_Kwari:
Na gode, Injiniya. Amma idan na rufe, ta yaya zan riƙa aiki daga gida? Maigidanmu yakan buƙaci lissafi da daddare, musamman idan kaya sun iso daga Legas.

Garba_Mai_Gyara:
Ni a wurin waɗanda nake yi wa aiki, lambar ƙofar nake canzawa daga 3389 zuwa wata lamba mai nisa da ba a saba da ita ba. Tun da na fara haka, yunƙurin shigan ya ragu ƙwarai.

Abu_Khalil_Zariya:
Malam Garba, gaskiya ne yunƙurin yana raguwa, domin ƙananan na'urorin da ke gwada sanannun lambobi kaɗai za su wuce ka. Sai dai ƙofofin duka 65,535 ne, kuma bin su ɗaya bayan ɗaya ba wani aiki ba ne a wurin na'ura. Da zarar an taɓa wadda ka zaɓa, yadda take amsawa zai nuna cewa RDP ne. Hayaniya ka rage, ƙofar tana nan a bakin titi.

Malam Akawu, amsar tambayarka ita ce ka sa wata katanga a gaban kwamfutar. Hanyar da aka fi bi ita ce VPN na kanku, wanda zai haɗa kwamfutarka ta gida da ta ofis ta wata ɓoyayyiyar hanya, sannan daga cikin wannan hanyar ne kawai RDP zai amsa. WireGuard, wanda wani nau'in VPN ne, yana da sauƙi kuma da mabuɗin lissafi yake aiki maimakon kalmar da ake haddacewa, kuma wanda ba shi da mabuɗin ko amsa ba zai samu ba, kamar babu kowa a gidan. Rautoci da yawa na yanzu suna zuwa da shi. Akwai kuma Tailscale da aka gina a kansa, wanda yake aiki ko da kamfanin sadarwa bai ba ku adireshin kanku ba, abin da ya zama ruwan dare ga masu amfani da layin waya.

Amma kada a ɗauka da an ce VPN an gama. A ranar 7 ga Mayun 2021 kamfanin Colonial Pipeline, mai bututun da ke kai mai daga Texas zuwa gabashin Amurka, ya tsayar da aikinsa na kwanaki, gidajen mai suka ƙafe a jihohi da dama, ya kuma biya kuɗin fansa kusan dala miliyan 4.4. Ta ina aka shiga? Ta wani tsohon asusun VPN da aka daina amfani da shi amma ba a kashe ba, kuma ba shi da tantancewa ta biyu, wato ƙarin shaidar da ake nema bayan kalmar sirri. Shugaban kamfanin, Joseph Blount, ya shaida wa majalisar dattawan Amurka cewa kalmar sirrin mai wuya ce, ba irin ta wasa ba. Masu binciken sun gano kalmar a cikin tarin kalmomin da aka sace daga wani wuri. Wuyarta ba ta amfane su da komai ba, domin ɓarayin ba cankar ta suka yi ba, a rubuce suka same ta.

Ummu_Hafsat:
Wannan labari ya taɓa ni. Malam Akawu, ina so in yi maka tambaya ɗaya: wannan kalma mai haruffa goma, a kwamfutar ofis kaɗai kake amfani da ita, ko ita ce ta imel ɗinka da Facebook?

Akawu_Kwari:
Hajiya, ba zan ɓoye ba. Ita ce ta imel ɗina, ita ce ta Facebook, kuma da ita na yi rajista a shafuka da dama tun shekaru shida da suka wuce. Sunan ɗana ne da shekarar haihuwarsa, na ƙara alama a ƙarshe.

Injiniya_Maryam:
To, Malam, a nan babbar matsalar take, kuma kusan kowa haka yake yi. Suna da babban harafi a farko, shekara a tsakiya, alama a ƙarshe: wannan tsari shi ne na farko da manhajojin fasa kalmar sirri suke gwadawa, domin sun koye shi daga kalmomin mutane na gaske. A 2009 an sace kalmomin sirri miliyan 32 daga kamfanin RockYou, waɗanda aka ajiye su ƙuru-ƙuru ba tare da an murɗa su ba, kuma har gobe wannan jeri yana cikin kayan aikin masu kutse. Wadda ta fi yawa a ciki ita ce 123456. A 2012 an kutsa LinkedIn, sai a 2016 aka gane cewa bayanan shiga na mutane sama da miliyan 100 ne suka fita. Daga wannan satar aka samu kalmar wani ma'aikacin Dropbox da ya maimaita ta a wurin aikinsa, aka bi ta nan aka kwashe bayanan asusu miliyan 68.

Ka shiga shafin Have I Been Pwned, wanda wani ɗan Ostireliya mai suna Troy Hunt ya kafa a 2013, ka rubuta adireshin imel ɗinka. Zai nuna maka ko adireshin ya fito a cikin wata satar bayanai da aka sani. Ko ya fito ko bai fito ba, kalmar da ta yi shekara shida tana yawo a shafuka ta gama aiki.

Ɗalibin_Kwamfuta:
Ina so in ƙara wani abu da nake gani a wurin abokaina. Mafi yawansu lambar wayarsu ce kalmar sirrinsu, suna ganin tunda lambobi goma sha ɗaya ne ai tana da tsawo. Alhali lambobi huɗun farko sanannu ne, irin su 0803 da 0706, saura bakwai ne kawai, wato miliyan goma a kowane rukuni. Ko an haɗa rukunan duka ba su kai biliyan ɗaya ba, kuma lambar ma tana rubuce a allon shago. Wasu kuma tun ranar da mai shagon intanet ya buɗe musu imel domin rajistar jarrabawa, kalmar da ya zaɓa musu ita suke amfani da ita har yau.

Ma'aikacin_Banki:
A wurin aikinmu dole ne kowa ya canza kalmar sirrinsa duk bayan kwana talatin, kuma dole ta ƙunshi alama da lamba. Ina ganin da Malam Akawu ya bi wannan tsari, da bai shiga damuwa ba, tunda ko an sace kalmar, kafin a yi amfani da ita ta canza.

Abu_Khalil_Zariya:
Ɗan'uwa, ina girmama ƙa'idar wurin aikinku, amma waɗanda suka kawo wannan tsari su da kansu sun janye shi. Asalinsa wata takarda ce ta hukumar NIST mai tsara ƙa'idojin fasaha a Amurka, wadda wani jami'inta mai suna Bill Burr ya rubuta a 2003. A 2017 ya shaida wa jaridar Wall Street Journal cewa ya yi nadamar yawancin abin da ya rubuta, kuma a wannan shekarar hukumar ta fitar da sabon jagora da ya ce a daina tilasta wa mutane canza kalma lokaci-lokaci sai idan akwai alamar an sace ta, a daina tilasta cakuɗa alamomi, a bar mutane su yi doguwar kalma, sannan a riƙa duba sabuwar kalma a cikin jerin waɗanda aka taɓa sacewa. Dalilin a fili yake. Wanda aka matsa wa ya canza kowane wata, lambar ƙarshe kawai yake juyawa, daga 1 zuwa 2 zuwa 3, ko ya sa sunan watan. Ka tambayi abokan aikinka a asirce, ina kyautata zaton za ka tarar da haka. Kuma ɓarawon da ya samu kalma ba ya jiran wata guda, a daren yake shiga.

Ma'aikacin_Banki:
Ban musa ba, Malam, akwai masu yin haka. Amma har yanzu ina ganin a wurin da ma'aikata suke yawan barin aiki, canzawar tana da amfaninta.

Abu_Khalil_Zariya:
Maganin wannan shi ne kowa ya mallaki asusunsa, ranar da ya bar aiki a kashe asusun. Da Colonial sun yi haka da tsohon asusun nan, da labarin ya bambanta.

Mamman_Maradi:
Gaisuwa daga Maraɗi. Ni dabarata ita ce ina amfani da karin maganar Hausa a matsayin kalmar sirri, doguwa ce kuma ba na mantawa. Masu kutse Turanci da Faransanci suka sani, ina za su san Hausa? Abu ɗaya da zan ja hankali a kai shi ne allon rubutu. A nan Nijar yawancin kwamfutocinmu tsarin Faransa ne, inda harafin A yake wurin Q, kuma lambobi sai an danna maɓallin manyan haruffa. Na taɓa shiga kwamfutar wani abokin hulɗa ta Kano daga nan, na rubuta kalmar daidai har sau biyar tana ƙi, ashe alamomin ne suke sauka a wani wuri daban. Tun daga ranar na daina sa alamomi da haruffa masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ a kalmar da zan rubuta daga nesa.

Injiniya_Maryam:
Malam Mamman, maganarka ta allon rubutu gaskiya ce, kuma hujja ce mai kyau a kan fifita tsawo bisa alamomi. Amma batun karin magana ina da ja. Karin maganar Hausa an tattara su a littattafai, suna cike a Facebook da shafukan jaridu, kuma duk abin da yake rubuce a intanet ana iya zuba shi cikin manhajar gwaji ba tare da mai zubawar ya san ma'anarsa ba. Haka ayoyi da addu'o'i da baitocin waƙa. Ƙarfin kalma yana zuwa ne daga rashin tsari a wajen zaɓenta, abin da zuciyar ɗan Adam ba ta iya yi da kanta.

Akwai wata hanya da Arnold Reinhold ya fitar a 1995 mai suna Diceware. Jeri ne na kalmomi 7,776, kowace da lambarta. Za ka jefa ɗan lido sau biyar, lambobin da suka fito su nuna maka kalma ɗaya, ka maimaita har ka samu kalmomi shida. Bari mu kwatanta. Ƙananan haruffa takwas suna ba da yiwuwa kusan biliyan 209, abin da kwamfuta mai ƙarfi take gamawa cikin ɗan lokaci idan ta samu rumbun kalmomin sirri da aka sace. Kalmomi shida na wannan jeri kuwa suna ba da adadin da ya haura 2 da sifiri 23 a bayansa, ko da ɓarawon yana riƙe da jerin a hannunsa. Ana iya yin haka da Hausa: ka ɗauki ƙamus, ka bar ƙuri'a ta zaɓi shafi da layi, kada ka zaɓa da son ranka. Za ka samu abu kamar kalmomi shida da ba su da alaƙa da juna, tukunya da raƙumi da makamantansu, kuma cikin kwana biyu za ka haddace.

Dattijo_Gusau:
'Ya'yana, ina bin wannan tattaunawa da sha'awa. Ni ba na ajiye ɗan lido a gidana, amma na fahimci ana iya rubuta lambobi ɗaya zuwa shida a 'yan takardu a zuba a hula a riƙa zarowa. Tambayata ita ce: shekaruna sun haura saba'in, ba zan iya haddace kalmomi shida-shida na wurare goma ba. A wani ɗan littafi nake rubuta nawa, ina kulle shi a akwati. Jikana ya ce wannan kuskure ne babba.

Abu_Khalil_Zariya:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Jikanka ya faɗi abin da aka daɗe ana koyarwa, amma a ganina littafinka ya fi maimaita kalma ɗaya a ko'ina aminci nesa ba kusa ba. Wanda yake gwada ƙofar Malam Akawu daga wata nahiya ba zai iya buɗe akwatinka ba. Abin da ake hanawa shi ne manna takarda a jikin kwamfutar ofis inda kowa ke wucewa. Ga masu iyawa kuma, akwai manhajojin adana kalmomin sirri irin su Bitwarden da KeePass, waɗanda suke ƙirƙiro wa kowane shafi kalmarsa, kai kuma ka haddace guda ɗaya tak, doguwa.

Bashir_Mai_POS:
Ni wannan shawara ce ban aminta da ita ba. Yaya zan tara dukkan mabuɗaina a hannun kamfani ɗaya? A 2022 ba an kutsa LastPass, mai irin wannan manhaja, an kwashe rumbunan mutane ba?

Abu_Khalil_Zariya:
An yi haka, Malam Bashir, kuma tsoronka yana da tushe. Abin lura ma shi ne ta kwamfutar gida ta wani injiniyansu aka bi, wadda take ɗauke da wata tsohuwar manhaja da ba a sabunta ba, wato dai maganar aiki daga gida da muke yi. Kalmomin sirrin da ke cikin rumbunan da aka kwashe a kulle suke, saboda haka wanda babbar kalmarsa gajera ce shi ya fi shiga haɗari. Idan ba ka son ajiya a wurin kowa, KeePass a cikin na'urarka yake ajiye rumbun, sai dai nauyin yin kwafi ya koma kanka.

Bashir_Mai_POS:
To, zan duba wannan na biyun. Na farkon dai har yanzu raina bai kwanta da shi ba.

Dattijo_Gusau:
Akwai wani dalili da ya sa nake riƙe da littafina, kuma ina so matasa su yi tunani a kansa. Wani aminina ɗan kasuwa ya rasu bara, Allah ya jiƙansa, dukkan lissafin bashin da yake bi da wanda ake bin sa yana cikin waya da kwamfuta, babu wanda ya san kalmar. Magada sun yi watanni ba a raba gado ba, kuma abin da ya fi damun iyalinsa shi ne bashin da ke wuyansa da ba a san adadinsa ba. Duk tsaron da za a yi, a bar wa wani amintacce hanya a rufaffiyar ambulan.

Ummu_Hafsat:
Amin, Baba, wannan nasiha ce mai nauyi. Ina so in koma kan tantancewa ta biyu da Malam Abu Khalil ya ambata, domin ni ta nan aka cuce ni. Wani ya kira ni ya ce daga ƙungiyar iyayen yara ta makarantar 'ya'yana yake, za a yi taro ta intanet, an turo mini lambobi shida in karanta masa domin a sa ni a ciki. Ina karantawa WhatsApp ɗina ya fita daga hannuna, kafin magariba an roƙi 'yan'uwana kuɗi da sunana, biyu daga cikinsu sun tura. Da na kunna lambar sirri ta mataki na biyu da ke cikin WhatsApp, da lambobin nan shida kaɗai ba su ishe shi ba. Don haka ko an ƙara mataki na biyu, idan mutum zai miƙa lambar da bakinsa, an koma gidan jiya.

Injiniya_Maryam:
Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Matakin na biyu ma hawa-hawa ne. Mafi rauni shi ne saƙon tes, saboda ana iya yi wa layin mutum welkam bak da takardun bogi ko da haɗin bakin wani, saƙonnin su koma wayar ɓarawo. Ta wannan hanya aka ƙwace shafin Twitter na Jack Dorsey a Agustan 2019, alhali a lokacin shi ne shugaban kamfanin. Sama da shi akwai manhajojin da ke fitar da sabuwar lamba duk daƙiƙa talatin, irin su Google Authenticator, kuma suna aiki ko babu sabis, abin da ya dace da yanayinmu. Wanda ake danna amincewa a waya shi ma an san lagonsa: a Satumban 2022 an shiga Uber bayan an yi ta turo wa wani ɗan kwangilarsu buƙatar amincewa har ya gaji ya danna. Mafi ƙarfi shi ne ɗan mabuɗin da ake sokawa a kwamfuta, ko sabon tsarin da Apple da Google da Microsoft suka amince da shi a 2022, inda waya take riƙe mabuɗin, kai kuma ka buɗe da yatsa ko fuska. Wannan ba shi da lambar da za a karanta wa wani, kuma ba ya aiki a shafin bogi.

Duk da haka, saƙon tes ya fi babu. A Fabrairun 2024 an shiga kamfanin Change Healthcare na Amurka ta wata hanyar shiga daga nesa da ba ta da mataki na biyu kwata-kwata, aka biya fansar dala miliyan 22, kuma bayanan lafiyar mutane kusan miliyan 190 suka shiga hannun ɓarayi.

Ibrahim_Nima:
Sallama daga Nima, Accra. Ba RDP kaɗai ba ne shiga daga nesa. Wani ɗan'uwanmu mai shagon canjin kuɗi an kira shi aka ce daga sashen gyara na bankinsa ne, aka sa shi ya sauke manhajar sarrafa na'ura daga nesa mai suna AnyDesk a wayarsa ya karanta lambar da ta bayyana. Yana kallo ana juya wayarsa daga nesa. Manhajar ba ta da laifi, masu gyara na gaskiya suna amfani da ita kullum, amma wanda ya kira ka da kansa ya ce ka sauke ta, ka kashe wayar ka je reshen bankin da ƙafarka. Malam Akawu, ka duba ko mai gyaranku ya bar irin wannan manhaja a kunne a kwamfutar da kalmar da shi kaɗai ya sani.

Garba_Mai_Gyara:
Wannan gaskiya ne, mu masu gyara mukan bar ta domin sauƙin aiki, kuma ya kamata mu riƙa faɗa wa masu kayan. Na karɓi gyaran da aka yi mini a sama game da lambar ƙofa. Ina ƙara tunatar da masu kyamarar tsaro a shaguna: da yawa ana buɗe musu hanya domin maigida ya riƙa kallo a waya, a bar kalmar da na'urar ta zo da ita daga kamfani.

Ɗalibin_Kwamfuta:
Irin waɗannan na'urori ne wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta tattara a 2016. Da jerin sunaye da kalmomin kamfani kusan sittin kawai ta mallake dubban ɗaruruwan kyamarori da rautoci, aka yi amfani da su a ranar 21 ga Oktoba aka durƙusar da kamfanin Dyn mai haɗa sunayen shafuka da adireshinsu, har Twitter da Netflix suka daina buɗuwa a sassan Amurka. Ga masu babbar kwamfuta mai tsarin Linux kuma, SSH, wato hanyarsu ta shiga daga nesa, yana shan irin wannan ƙwanƙwasa a ƙofa ta 22. A kashe shiga da kalmar sirri gaba ɗaya, a koma mabuɗi, a hana asusun root, wato mai cikakken iko, shiga kai tsaye.

Lauya_Hadiza:
Malam Akawu, akwai ɓangaren doka da ya kamata maigidanku ya sani. Sunaye da lambobin waya da bayanan bashin abokan cinikinku bayanan mutane ne a ƙarƙashin Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023. Dokar ta ɗora wa mai riƙe da irin waɗannan bayanai alhakin tsare su, kuma idan aka yi satar da za ta iya cutar da masu su, ana buƙatar sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC, cikin awa 72. Wannan zai iya taimaka maka idan ya yi nauyin hannu wajen kashe kuɗin gyara.

Akawu_Kwari:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya da yamma ni da ƙanena mun rufe ƙofar a rauta, kuma yau da safe babu ko yunƙuri ɗaya a rubuce. Na duba imel ɗina a shafin da Injiniya ta ambata, ya fito a wurare biyu, don haka na canza kalmarsa da ta Facebook, kowanne da tasa, na kuma kunna mataki na biyu. Mun tarar da manhajar da Malam Ibrahim ya faɗa a kunne, mun cire ta. VPN ɗin sai ranar Asabar. Inda na maƙale shi ne nan: mu huɗu ne muke amfani da kwamfutar, har da yaran shago biyu, kuma asusu ɗaya muke shiga da shi. Maigida ya ce raba wa kowa nasa zai kawo jinkiri lokacin da masu saye suka cika shago, kuma ya ce hakan tamkar nuna rashin yarda ne ga yaran da suka shekara goma tare da shi.

Injiniya_Maryam:
Ka gaya masa asusun kowa kariya ce ga yaran kansu, domin ranar da lissafi ya ɓace, kwamfutar za ta nuna wanda ya shiga, ba za a zargi wanda bai ji ba bai gani ba. Idan ya ƙi, aƙalla asusun da kake shiga da shi daga gida ya zama naka kai kaɗai, kuma na cikin shago kada a ba shi ikon shiga daga nesa ko ikon sauke manhaja. Sannan wace Windows ce a kan kwamfutar? Idan 7 ce, tun Janairun 2020 aka daina yi mata gyara, 10 ma wa'adinta ya cika a Oktoban 2025.

Bashir_Mai_POS:
A shagona ma asusu ɗaya muke amfani da shi, kuma na fahimci uzurin maigidan. Lokacin cinkoso babu mai haƙurin fita da sake shiga. Wataƙila lambar shiga gajera ta Windows, wadda take aiki a kan na'urar kaɗai, za ta rage wannan wahala.

Abu_Khalil_Zariya:
Za ta rage, Malam Bashir, tunda ba a iya amfani da ita daga wata na'ura. Malam Akawu, kafin Asabar ka kwafe dukkan lissafin a faifan waje, ka cire shi daga jikin kwamfutar ka kai gida. Ƙofar ta daɗe a buɗe da kalmar da ta riga ta fita, saboda haka ka sa ƙanenka ya duba jerin shigar da suka yi nasara, ba waɗanda suka gaza kaɗai ba, ya ga ko akwai wadda aka yi a lokacin da kai ba ka shiga ba, ya kuma duba ko an ƙirƙiri wani asusu da ba ku sani ba.

Akawu_Kwari:
Windows 10 ce, Injiniya. Malam Abu Khalil, waɗanda suka gaza kawai muka duba, ban yi tunanin ɗaya jerin ba. Ƙanena zai zo bayan la'asar, zan dawo in sanar da ku abin da muka gani.